Babu Sunanta a Allo

Shafi na 17

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau, Shi ya ba ni iko da lokaci.

To jama'a, na ga saƙonninku. Wata ma cewa ta yi in ba ta adireshin Oga Bello ta je ta same shi da kanta. Baiwar Allah, ajiye mayafin, zauna ki karanta tukuna. Shafin yau kyauta ne ga duk macen da take fitowa daga Jikwoyi, Nyanya ko Mararaba da jaka a kafaɗa, ta isa ofis a gaishe ta da fara'a, a kuma yi aikin ba da ita ba.

*

Sau uku Ummukulthum ta karanta allon, kamar in ta ƙara karantawa rubutun zai ji kunya ya canza.

Farin allo ne a bangon babban ɗakin ofishinsu da ke unguwar Gudu a Abuja, suna ce masa allon fita. Duk Juma'a da safe Oga Bello, shugaban ƙungiyarsu ta masu haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyuka, yakan fito da kansa ya rubuta sunayen waɗanda za su fita daji mako mai zuwa. Shekara shida sunanta ne a sama. Ita ce mai awon ƙasa, ita take taka fili ta ce a nan ruwa yake, a haƙa. Amma tun da ta fita takabar mijinta Aminullahi ta dawo aiki, wata bakwai ke nan cif, hannun Oga Bello ya manta yadda ake rubuta sunanta.

Yau kuwa abin ya wuce na kullum. Da jan alƙalami aka rubuta:

Sabon aiki, ƙauyuka goma sha biyu na bayan Karshi. Jagora, James.

Ƙauyukan da ta taka da ƙafarta ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ita ta zauna ta rubuta takardar nemansa tun kafin rasuwar. James ɗin kuma ita ta koya masa yadda ake kafa ƙarafan awo a ƙasa, lokacin da ko wayar na'urar bai iya warwarewa ba.

"Madam, ka gani ko?"

Christiana ce ta tsaya a bayanta da kofin shayi. 'Yar Gbagyi ce, ita ke shiga gaba in za a gana da mutanen ƙauye, kuma garinsu yana cikin sha biyun nan. Hausarta ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Na gani, Christiana."

"Shi ke nan? Na gani kawai?"

"To me zan ce?"

"Ah ah! Wannan shiru naki ya yi yawa, wallahi. Ran Lahadi na je gida, mamana yana tambaya, ina wannan injiniya mace da ya sha kunu a gidana, ya ce zai dawo da ruwa? Me zan gaya masa? In ce yana ofis yana jera fayil?"

Ummukulthum ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Jera fayil ɗin kuwa shi ne gaskiya. Shi da kiran mai gyaran firinta, da tabbatar da an kawo lemo da cincin ranar mitin. In ta buɗe baki a mitin ɗin sai Oga Bello ya ɗaga hannu cikin taushin murya, "Madam, kar ki wahalar da kanki, yara za su duba." An cire ta daga zauren wayar da 'yan fita suke magana, da ta tambaya aka ce don kar a riƙa damunta da saƙo. Ba wanda ya taɓa yi mata tsawa. Ba wanda ya taɓa yi mata kallon banza. Da ma tsawar aka yi mata, da ta san abin da za ta rama.

Ba irin dabarar da ba ta gwada ba. Ta riga kowa zuwa, ta bi bayan kowa tashi. Ta rubuta rahoton da ba a tambaye ta ba, aka ce an gode, aka sa a durowa. Ta ce wa kanta haƙuri, ai lokaci ne. Daga baya sai ta koma tuhumar kanta, ta ɗauko duk awon da ta taɓa yi tana neman inda ta yi kuskure. Akwai rijiya ɗaya da ta bushe shekara uku da suka wuce, ta ɗora wa rijiyar nan laifi har ta gaji.

Christiana ta ajiye kofin a kan teburinta.

"James ma bai ji daɗi ba fa. Ya ce min shi kunya yake ji ya wuce ta gaban teburinki."

"James ba shi da laifi."

"To wa yake da laifi? Shiga ki tambayi oga. Ni dai ba zan koma garinmu in yi ƙarya ba."

Ummukulthum ta zauna a kujerarta. Ta janyo jakarta, ta zaro farin ambulan da ya yi sati uku a ciki har gefensa ya lanƙwashe. Christiana ta zaro ido.

"Madam, wannan ba..."

"Shi ne."

Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta nufi ƙofar.

*

Oga Bello yana cike wata takarda ta shigo da sallama. Mutum ne mai furfura a gemu, mai sanyin magana, irin wanda ko direba ya ɓata masa rai sai ya ce masa "bawan Allah" kafin ya yi faɗan. Ya ɗago da fara'arsa ta kullum.

"A'a, Madam. Bismillah, zauna. Ya yara? Ya Hajiya?"

"Lafiya lau suke, Oga."

Ba ta zauna ba. Ta ajiye ambulan a gabansa.

Ya dube shi, bai taɓa ba.

"Mene ne wannan?"

"Takardar ajiye aiki."

"Subhanallahi. Wani ya ɓata miki rai?"

"Kai."

Ita kanta sai da ta ji kalmar ta dake ta. Tunda take da shi ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi haka ba. Ya cire tabarau a hankali ya ajiye.

"Zauna, Ummukulthum."

Wannan karon ta zauna.

"Oga, tambaya ɗaya na zo da ita, in ka amsa min sai in tafi. Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba."

"Awona ne ya lalace?"

"Ko kusa. Har gobe ba mu da kamarki."

"Wani ya kawo ƙarata?"

"Babu."

"To don me wata bakwai ina zaune kusa da firinta kamar wadda aka ajiye ajiya? Don me aikin da na rubuta da hannuna aka ba yaron da na koyar? Na ce a bar ni in huta? Na taɓa zuwa na ce maka na gaji?"

"Mun ga kina cikin wani hali ne..."

"Halin nawa ne, Oga! Ni zan faɗi nauyinsa." Ta ci gaba. "Mijina ne ya rasu, ba ƙwaƙwalwata ba. Na yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki ina kallon bango. Abin da ya riƙe ni shi ne in na fita zan koma daji, in ga ruwa ya yi tsartuwa, mata suna guɗa, in ji ni ma ina da sauran amfani. Na dawo sai na tarar kun shirya min wata takabar a nan, ita kuma ba ranar fita."

Oga Bello ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki biro, ya ajiye. Ya sake ɗauka.

"Wallahi na ji ciwo," ta ce a hankali. "Na fi jin ciwon tausayinku a kan a ce kora ta kuka yi."



"Ba ra'ayina ba ne," ya ce daga ƙarshe.

"Na wa ne? Masu ba da tallafi?"

"A'a."

"To wa?"

"Amana aka ba ni."

Ta ƙura masa ido. Ya ja dogon numfashi irin na wanda ya daɗe da kaya a ka.

"Ranar sadakar uku, da muka zo muku ta'aziyya Jikwoyi. Mun yi addu'a a waje mun tashi za mu tafi, sai aka aiko a ce ana kirana a ciki. Ni kaɗai. Na tsaya a bakin ƙofa, ana magana da ni ta bayan labule. Aka ce, kai ne mai gidansu a wurin aiki? Na ce ni ne. Aka ce, na ba ka amana tsakaninka da Allah, kar ka ƙara sa yarinyar nan a mota zuwa daji. Kuma kar ta sani."

Ummukulthum ta ɗago kai.

"Wace ce?"

"An ce kar ki sani."

"Ai ka riga ka fara, Oga. Ƙarasa."

Ya dubi ambulan, ya dube ta.

"Hajiya Lantana."

Surukarta. Mahaifiyar Aminullahi. Matar da suke gida ɗaya, wadda take ce wa Mama. Matar da kullum in ta dawo daga aiki take zama kusa da ita ta zazzage mata duk abin da aka yi mata a ofis, ita kuma tana jan carbi tana cewa, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, Allah yana sane da ke."

"Ƙarya ne," ta ce, amma muryar ba ta da ƙarfi ko kaɗan.

"Da ma ƙaryar ce, da na fi kowa farin ciki."

"Kai kuma sai ka amsa?"

"Ummukulthum, gidan mutuwa ne. Tsohuwa ce da aka kawo mata gawar ɗanta daga hanyar Lokoja kwana uku da suka wuce. Me kike so in ce mata? In ce bari in duba dokar ofis? Na ce na ɗauka, in sha Allah. A raina na ce zafin rashi ne, kafin ki fita takaba ta manta."

"Ba ta manta ba ke nan."

Ya ɗauko wayarsa, ya latsa, ya juyo mata da fuskar. Jerin kira ne, suna ɗaya, rana ɗaya. Juma'a, Juma'a, Juma'a. Na ƙarshe yau ne, ƙarfe takwas saura kwata.

"Duk Juma'a kafin in fito in rubuta allon nan sai ta kira. Ba ta taɓa tuna min da maganar ba, ko sau ɗaya. Cewa kawai take, Bello, barka da Juma'a, Allah ya yi albarka. In ce amin, Hajiya. Shi ke nan ta kashe. Ni kuma in fito, in ɗauki alƙalami, hannuna ya ƙi."

Ummukulthum ta rufe ido. Ita da hannunta ta sa wa Mama lambar Oga Bello a waya. Mama ta ce tana so ta yi wa mutumin kirki godiyar ta'aziyya. Ita da bakinta kuma ta ba ta labarin allon fita da ranar da ake rubuta shi.

"Ban ce na kyauta ba," in ji Oga Bello. "Sau nawa nake cewa yau zan kira ki in gaya miki, sai in tuna an ce kar ta sani. Na zaɓi in cika alƙawarin tsohuwa, na bar ki kina zargin kanki. Ina ganinki kina fito da tsofaffin fayil kina bincike, na san abin da kike nema, na yi shiru. Wannan laifina ne, ki yafe min."

"Ko tambayata ba ka yi ba."

"Ban yi ba."

"Ku biyu kuka zauna kuka yanke yadda rayuwata za ta kasance, ɗaya a bayan labule ɗaya a bakin ƙofa, ni ina ɗaki na gaba."

Bai musa ba. Ya tura mata ambulan da ɗan yatsa.

"Wannan ba zan buɗe ba. Ga abin da zan iya. Ƙarfe biyar na yamma zan tura wa masu tallafi sunan jagoran aikin, in ya tafi ba ya canzuwa sai bayan shekara biyu. Wadda ta ɗaure ni ita za ta kwance ni. In Hajiya ta kira ni kafin biyar ta ce ta sauke min, da hannuna zan goge sunan James, shi ma zai fi kowa murna. In ba ta kira ba..."

Bai ƙarasa ba. Ta dubi agogon bango. Sha biyu da rabi ta wuce, ga shi Juma'a.

Ta ɗauki ambulan ɗinta ta fita.

*

Wanda bai taɓa barin cikin gari ya nufi Nyanya ranar Juma'a ba, ba zai gane ba. Ta yi sallar azahar a ofis, ta jira aka buɗe hanyoyin da masallata suka tare, ta samu mota da ƙyar. Daga gangaren Kugbo motoci suka tsaya cak. Su huɗu a baya, wata mata da buhun garin rogo a cinya, direba yana zagin duk wanda ya shigar masa hanci.

Da ta shiga motar, zuciyarta tafasa take. Ta shirya maganganu iri-iri, kowacce ta fi 'yar'uwarta zafi. Wata bakwai! Tana kuka a gaban matar nan, matar nan tana miƙa mata gefen zani ta share hawaye!

Amma cunkoson Nyanya yana da wani hali, yakan tilasta wa mutum zama da tunaninsa ko ba ya so. Kafin su kai gadar Nyanya, fushin ya fara saki, wani abu mai nauyi ya maye wurinsa.

Aminullahi ɗan fari ne a wurin Mama, kuma shi kaɗai ne namiji. Mama kuwa 'yar Katsina ce ta asali, mai alkunya irin ta mutanen da. Tunda Ummukulthum ta shigo gidan ba ta taɓa jin ta kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "mai gidan naku". Ranar da aka kawo shi, mata suna faɗuwa suna tashi, Mama tana zaune a kan tabarma tana ba wasu haƙuri. Ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani. Har mutane suna yabawa, suna cewa kai, Hajiya akwai tawakkali. Ita kanta Ummukulthum ta yarda da hakan, ta ɗauka ita ce mai babban rashi a gidan, ta jingina da tsohuwar da dukkan nauyinta. Ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ina Mama take kai nata kukan ba.

Ashe ga inda take kai shi. Kiran minti ɗaya duk Juma'a.

To amma matan garin su Christiana fa, da suke tafiyar awa guda kafin su ga ruwa, ruwan ma kalar kunun kanwa? James yaro ne mai ƙoƙari, sai dai ƙasar bayan Karshi dutse ne a ƙarƙashinta, ita ta san inda yake tsagewa. Ita kuma fa? In ta ƙara shekara biyu kusa da firintar nan, ta san wadda za ta tashi daga kujerar ba ita ba ce.

Ta sauka ta hau keke napep. Biyar saura minti ashirin ta tura ƙofar gida.

*

Yaran suna Islamiyya, tasu ba ta hutun Juma'a. Mama tana zaune a inda take zama kullum, a kan kujera 'yar tsugunno daf da ƙofar shigowa, da faranti a cinya tana tsince wake. Sai yau Ummukulthum ta lura cewa daga wurin nan ana hango bakin titi.

"A'a, 'yar nan, yau da wuri? Lafiya dai?"

Ummukulthum ta durƙusa ta gaishe ta kamar kullum. Sai dai ba ta tashi ba.

"Mama, daga wurin Oga Bello nake."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin waken. Daƙiƙa ɗaya, biyu. Sannan ya ci gaba da tsinta.

"Ya gaya miki ke nan."

"Ni na matsa masa."

"To."

"To kawai, Mama?"

"Me kike so in ce? Na yi. In aka mayar da ni ranar, zan sake yi."

Ummukulthum ta ji hawaye ya taho, ta bar shi.

"Kullum a nan nake zama in gaya miki an wulaƙanta ni. Na ce miki ina jin kamar ba ni da amfani. Na ce miki ko barci ba na yi saboda tunanin laifin da na yi musu. Kina ji, Mama. Kina ji kika yi shiru."

"Ina ji."

"Bai dame ki ba?"

"Ya dame ni." Mama ta ajiye farantin a ƙasa. "Sai in ce a raina, gara ta dawo tana kuka, ta dawo dai."

 Can waje mai ruwan kura yana ƙwanƙwasa jarka.

"Ke ba ki san yadda aka yi ba," in ji Mama, idonta a kan ƙofa. "Ranar kina daji, wayarki ba ta shiga. Ni aka kira. Ina zaune a nan, a kan kujerar nan. Wani da ban sani ba ya ce, ke ce mahaifiyar mai wayar nan? 'Yarki Sumayyah tana gabana tana cin gyaɗa. Na tura ta maƙwabta, na zauna ni kaɗai har magariba ina jiran ki, ina cewa ya Allah, in ita ma hanya ta riƙe ta fa? Wa zan ba yaran nan? Ni da ko hawan bene ba na iyawa?"

"Mama, Abban Sumayyah a kan kwalta ya rasu, cikin mota mai lafiya. Ko ofis ɗin nan da nake zuwa kullum ai mota nake hawa. Kwana in ya ƙare..."

"Kar ki yi min wa'azi, na fi ki sani. Na sani sarai. Zuciya ce ba ta sani ba."

Ummukulthum ta matso, ta dafa gwiwarta.

"Da kin gaya min."

"Da kin zauna?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Mama ta gyaɗa kai.

"Kin gani."

"Amma da ni na zaɓa, Mama. Ko na zauna, ko na tafi, da na san dalili. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Kowa yana tausayina, ba wanda ya ga na isa a tambaye ni." Ta share fuska da bakin mayafi. "Ƙarfe biyar zai tura suna. Aikin nan ni na yi wa mata alƙawarinsa, na ci abincinsu, na ce zan dawo. In ya wuce yau, shekara biyu ke nan. Ya ce ke kika ɗaure shi, ke za ki kwance shi."

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Saura minti goma sha biyu."

Mama ta daɗe tana kallon waken da ke ƙasa.  Da ta yi magana, muryar ba irin wadda Ummukulthum ta sani ba ce.

"Shi ma haka ya durƙusa a nan da safen. Ya ce, Mama, a yi min addu'a, jibi zan dawo. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ko ɗago na dube shi da kyau ba, wai ni kunya." Ta dafe ƙirji. "Aminullahi. Aminullahi ɗana."

Shekara goma sha ɗaya Ummukulthum tana gidan nan, yau ta fara jin sunan a bakinta. Hawayen da mutane suka yaba wa Mama don ba su gani ba, ga su suna bin kuncinta suna ɗiga a kan zani, ba ta ko sa hannu ta tare ba.

"Miƙo min wayar."

Ummukulthum ta ɗauko ta a kan taga. Mama ba ta nemi taimako ba, ta san inda lambar take. Ta danna, ta ƙara murya yadda duk za su ji.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Assalamu alaikum, Hajiya."

"Bello, ni ce."

"Na'am, Hajiya, ina jin ki."

"Amanar nan da na ba ka. Bakina ba zai iya cewa na sake ta ba, Allah ya sani ba zai iya ba. Kuma ba zan ƙara cewa ka riƙe ta ba." Ta ja numfashi. "Ta ce ba a tambaye ta ba. Gaskiyarta. Ga ta nan, tambaye ta. Abin da ta faɗa, shi na faɗa."

Ta kamo hannun Ummukulthum, ta ɗora mata wayar a tafi, ta naɗe mata yatsu a kai. Amma ba ta saki hannun ba. Riƙo ta yi masa da hannu biyu, gam, har Ummukulthum tana jin bugun jijiyar tsohuwar a fatarta.

Daga bakin titi ta hango Sumayyah da ƙaninta sun taso daga Islamiyya, suna tsere waye zai riga taɓa ƙofa.

"Ummukulthum?" Muryar Oga Bello ta fito daga wayar. "Saura minti shida. Alƙalami yana hannuna. Sunan wa zan rubuta?"